Hoton Cikin Ndako

Shafi na 19

Masu cika min akwatin saƙo da tambayar wa ya kira wayar mamaci, ga amsarku nan. Ban ce za ta yi muku daɗi ba.

*

Kwana talatin da takwas da binne mijinta Ndako, Safara'u ta kunna wayarsa.

'Yarsu Husna ce ta roƙa kafin ta tafi makaranta, wai tana son hoton babanta na ranar Sallah. Tun ranar jana'iza wayar take kashe a cikin durowa, naɗe a hularsa. Safara'u ta sa mata caji, ta zauna a gefen gado cikin hijabinta na takaba tana jira.

Hasken wayar bai gama kawowa ba ta fara ƙara.

Hantsi ne. Rana tarwai a tsakar gida, ana jin injin niƙa daga layin baya. Duk da haka ba ta kai hannu ba. Sai da kiran ya kusa tsinkewa ta ɗauka.

"Salamu alaikum."

"Yauwa. Na samu Malam Ndako Sheshi?" Muryar mace ce, mai sauri.

"Wa ke magana?"

"Nas Felicia ce, daga ɗakin kyamarar ciki na asibiti. Mako guda muna kiran lambar nan a kashe. Sakamakon gwajinsa ya dawo. Likita ta ce ya zo yau, kada ya kai gobe."

"Wane gwaji?"

"Wanda aka yi masa mana. Aka zura masa kyamara ta baki, aka tsinko nama."

"Ba a yi masa ba," in ji Safara'u. "Rana dai aka ba shi. Bai kai ba."

Ta ji ana buɗe takardu a can.

"Madam, an yi. Ga fayil a gabana. Talata, sha bakwai ga watan jiya. Ni da bakina na kira sunansa."

Ranar biyu ga watan jiya aka kai Ndako makwancinsa. Aman jini ya yi bayan sallar azahar, kafin la'asar ya cika. Ita ta rufe masa ido.

"Da kika kira sunan," Safara'u ta ce a hankali, "ya amsa?"

"Sai a na uku. Amma ya amsa."

*

Mai takaba ba ta fita sai da lalura. Safara'u ta tsaya a zaure da takalmi a ƙafa ɗaya tana tambayar kanta ko wannan lalura ce. Mamaci ba shi da sauran lalura. Amma akwai wanda ya kwanta a gadon asibiti da sunan mijinta, ya buɗe baki aka leƙa cikinsa, kuma asibiti na nemansa da gaggawa.

Ta sa ɗayan takalmin, ta tari keke daga unguwarsu Dutsen Kura.

Likita Esta doguwa ce, da furfura a gaban goshi da tabarau rataye a wuya. Ta dubi bayan Safara'u kamar tana jiran wani ya biyo ta.

"Ina mai jikin?"

"Ni matarsa ce."

"Na gane, Hajiya. Amma magana ce da ba na faɗa wa mata kafin miji. Yana waje?"

Safara'u ta ciro takardar shaidar mutuwa daga jaka, ta shimfiɗa ta a kan tebur.

Likitar ta sa tabarau. Ta karanta, ta dubi fayil, ta koma ta sake karantawa. Sannan ta tashi ta rufe ƙofa da kanta, ta kira Felicia.

"Kwana sha biyar," in ji ta, kamar da kanta take. "Kwana sha biyar yana ƙasa ranar da na duba shi."

Felicia ta dafa bango.

"Likita, ni fa ba na son irin wannan."

"Zauna. Ba fatalwa muka duba ba. Fatalwa ba ta da tumbi."

Ba wanda ya yi dariya.

"Kin ga fuskarsa," in ji Safara'u. "Wane ne?"

Likita Esta ta cire tabarau ta murza ido.

"Bari in gaya miki yadda aikin yake. Mutum zai zo bai ci komai ba. Mu fesa masa magani a maƙogwaro don kada ya ji, mu sa masa roba tsakanin haƙora, ya kwanta ta gefen hagu. Sai in zura tiyo, kaurinsa kamar ɗan yatsana, da fitila da kyamara a bakinsa. Idona yana kan allo. Minti goma an gama, a kawo na gaba. Ran Talata kaɗai muke yi, mutum ashirin. Ba fuska nake kallo ba, Hajiya. In kin nuna min cikin mutumin nan a cikin ɗari zan gane shi. In mun haɗu a kasuwa wucewa zan yi."

Ta zaro takarda mai sheƙi daga fayil ta tura mata.

Hotuna huɗu ne. Rami ja mai danshi, yana tafiya yana ƙanƙancewa har ya shige duhu. A ƙasan kowane hoto an buga: Ndako Sheshi, shekara 47, da kwanan wata. Safara'u ta daɗe tana kallo. Ta san ba shi ba ne. Amma sunansa ne, kuma naman yana da jini da rai, a ranar da ta san abin da ƙasa take yi wa nasa.

"Nan hanyar abinci ce," in ji likitar, tana nunawa da biro. "Lafiya lau har zuwa nan, inda ta haɗu da tumbi. Kin ga wannan da ya taso, bakinsa a yage? Ya tsuke hanyar. Daga jikinsa na tsinko nama sau shida, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba. Muka sa a kwalba muka aika ɗakin bincike. Kyamara tana gaya min akwai abu. Naman ne yake faɗin ko mene ne."

"Me ya faɗa?"



"Bai kamata in gaya miki ba. Ba mijinki ba ne, ban san ko waye a wurinki ba. Amma in na rufe baki ba ni da wata hanya zuwa gare shi." Likitar ta ajiye biron. "Ciwon daji ne."

"Zai mutu?"

"Sai an yi masa hoton sikan an ga ko ya bazu. Da abin da idona ya gani, akwai sauran dama a yanke shi. Amma dama ce ta makonni, kuma uku sun riga sun tafi."

Felicia ta gyara murya.

"Na tuna wani abu. Ya ce in juya allon, ba ya son gani. Kuma bai yi kakari ba ko sau ɗaya. Mutane har riƙe su muke yi, shi kuwa ya kwanta kamar an shimfiɗe shi. Da aka gama na ce, Malam Ndako, tashi. Bai motsa ba. Na sake faɗa. Sai da wanda ya rako shi ya taɓa masa ƙafa."

"An rako shi?" in ji Safara'u.

"Dole ne. Ba ma yi wa mutum shi kaɗai."

Likitar ta juya takardar amincewa. Inda mai jinya ke sa hannu, wani zane ne kawai da ba a iya karantawa. A ƙasa, inda aka ce wanda ya rako, an rubuta da manyan baƙaƙe: Kudu Sheshi. Dangantaka: ƙani.

Ƙanin mijinta. Wanda shagonsa ke ƙofar gidanta. Wanda ya shiga kabari ya karɓi gawar.

"Kin san shi," in ji likitar.

"Na san shi."

"To ki ji. Wanda ya yi laifi, wannan maganar wata rana ce. Ki kawo min mai cikin nan gobe da safe, da sunansa na gaskiya. Ba zan iya tura mamaci tiyata ba."

*

Kudu yana tsugune a gaban shagonsa, ya kwance cikin wani janareta, hannuwansa baƙi ƙirin. Da ya ga ta sauko daga keke ya washe baki.

"Maman Husna, takaba ta ƙare ba a aiko min da goro ba?"

"Wanke hannunka ka shigo."

"Ko kin je duba sabon miji ne? Ni fa ina layi, ki sani."

"Kudu. Ka shigo."

Ya shigo yana goge hannu da tsumma. Ta shimfiɗa tabarma a inuwar katanga, ta zauna, ta ajiye ambulan ɗin takardun da aka ba ta a asibiti a tsakaninsu. Ya dubi hatimin da ke jiki, tsumman ya tsaya a hannunsa.

"Yayanka yana gaishe ka," in ji ta. "An ce ya je asibiti bayan mun binne shi. An ce kai ka raka shi."

"Wasa kike yi da mutuwa?"

"Ni ce nake wasa da ita?"

Ta zaro takardar amincewa da likita ta ba ta kwafi, ta ɗora yatsa a kan sunansa. Kudu ya zauna a ƙasa, ba a kan tabarmar ba.

"Ba cuta na yi ba."

"Ban tambaye ka ba."

"Wata biyu da mako guda Yaya ya yi yana jiran ranar nan. Kin sani, ke kike ƙirga masa. Ya rasu saura kwana sha biyar. Kati yana aljihuna, ranar tana nan, mai ita ba ya nan. In ka je ka ce a canza suna, ƙarshen layi za a mai da kai, wata biyu kuma. Ga mutum abinci ya fara tsaya masa a ƙirji. Shekarunsu kusan ɗaya. Na ce me zai sa ranar ta tafi a banza? Ko Yaya da za a tambaye shi, cewa zai yi a ba shi."

"Wane mutum?"

"Ba zan iya faɗa ba."

"Kudu."

"Na dafa Alƙur'ani, Maman Husna. A shagon nan, da alwala. Ya ce ko a gaban Allah aka tambaye ni in ce ban sani ba."

"Haka ya ce?"

"Haka ya ce."

Ta dube shi. Gumi yana bin gefen kunnensa yana barin farin layi a cikin baƙin mai.

"Rantsuwa ka yi ba za ka faɗa ba," in ji ta. "To kada ka faɗa. Ni zan kira sunaye. Wanda ba shi ba, ka ce a'a."

"Wannan wayo ne ake yi wa Allah."

"Ka bari in ɗauki zunubin. Moses na gidan baya?"

"A'a."

"Malam Suleiman na masallaci? Ya rame kwanan nan."

"Azumin nafila yake yi. A'a."

"Mai gidan da kuke karɓar kayan gyara?"

"Wannan da tumbinsa kamar randa? A'a."

Ta kira wasu uku daga cikin abokan Ndako. A'a, a'a, a'a. Sunaye suka ƙare mata. Injin niƙan layin baya ya mutu, gidan ya yi tsit, har tana jin ɗigar famfo a cikin bokiti.

Kudu ya sunkuyar da kai.

"Ki daina duba waje," in ji shi.

Ba ta so ta gane ba. Amma ta riga ta gane kafin ya rufe baki. Mutum ɗaya ne a duniya zai sa a dafa Alƙur'ani don kada ita ta ji. Ta tuna ranar addu'ar uku, an kawo shinkafa, shi kuwa ya ce kunu kawai zai sha, ta ɗauka baƙin ciki ne. Ta tuna agogonsa yana zamewa har tsakiyar hannu.

"Yaya Zikrullahi," ta ce.

Kudu bai ce a'a ba.

Zikrullahi wanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Su biyu suka rage. Shi ya aurar da ita, shi ke sayo doya a Kuta ya kawo kasuwar Minna a motarsa, kuma tun da Ndako ya rasu, duk Alhamis da yamma sai ya biyo ya ajiye mata nata. Yau Alhamis.

"Ya san sakamakon ya fito?"

Kudu ya fara murza tsumman.

"Ya sani."

"Ta yaya? Yau na karɓo."

"Na ce masa na je na karɓa tun wancan makon."

"Ka je?"

"Ban je ba."

"To me ka ce masa an gani?"

"Ulsa. Na ce gyambo ne ƙarami, ya sha magani ya daina yaji. Na saya masa maganin a kemis."

Safara'u ta dafa tabarma.

"Ba ka ga takarda ba, ba ka ji bakin likita ba, ka ce masa lafiyarsa lau."

"Ki bari in gama."

"Daji ne, Kudu."

Ya rufe ido. Bai yi mamaki ba, abin da ya fi ba ta tsoro ke nan.

"Na yi zato," in ji shi. "Na ga fuskar likitar lokacin da take tsinko naman. Abin da ya hana ni komawa ke nan. Tsoron a kama ni ma akwai, ba zan ɓoye miki ba. Amma ba shi ne babba ba. Muna dawowa a keke, maƙogwaronsa bai gama saki ba, ya riƙe min hannu ya ce, Kudu, in sun ce daji ne kada ka neme ni. Ba za a buɗe ni yadda aka buɗe Baba ba. Zan shiga inda ba wanda ya san sunana, in mutu a tsaye."

Ba ta ce ƙarya yake ba. Ta san wanta. Shekara ashirin da suka wuce aka yi wa babansu tiyatar ciki, Zikrullahi ne ya yi jinyarsa kwana goma sha ɗaya, yana kallon ɗinkin yana ruwa har tsohon ya cika. Washegarin addu'ar bakwai ya fita sayo sabulu. Shekara biyar ba a ji ɗuriyarsa ba. Har an fara yi masa addu'ar matattu kafin wani ya gan shi a ramin haƙar zinare, can bayan Kuta.

"Kin ga?" in ji Kudu. "In kin gaya masa, yau ne ganinki da shi na ƙarshe."

"Likita ta ce akwai dama."

"Dama ga wanda ya tsaya. Mu yi dabara. Mu ce takardar ta ɓace, suna so a sake. In ya shiga asibiti sai su san yadda za su yi da shi."

"Su ɗaure shi? Ba a yanka mutum bai sa hannu ba. Za ta gaya masa a ɗakinta, ya gane mun haɗa baki, ya fita ta ƙofar baya. Lokacin ba shi da kowa da zai yarda da shi."

"To mu bar shi da ulsarsa. Yana cikin farin ciki, Maman Husna. Mako biyun nan har waƙa yake yi a cikin mota. In kin faɗa ya gudu ya mutu a daji, ke kika kore shi."

"In na yi shiru fa?"

"Sai Allah ya yi ikonsa."

"Wato hannunka ya fita."

"Ban ce haka ba."

"Haka ka ce. Ka ba shi ranar mamaci don ya rayu, da amsa ta zo kuma ka bar ta a asibiti. Me aka wahalar da shi a kai?"

Kudu ya buɗe baki. Sallama ta riga shi daga zaure.

*

"Ina masu gidan? Ko an ƙaura ba a faɗa min ba?"

Zikrullahi ya shigo da doya uku rungume a ƙirji. Safara'u ta tura ambulan ƙarƙashin tabarma. Sau biyar ta gan shi a cikin takabar nan, amma yau ne ta dube shi. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ƙasusuwan fuskarsa sun fito suna gaisawa da mutane kafin shi.

"Auta, ya zaman haƙuri?"

"Da godiya, Yaya. Sannu da hanya."

"Kai kuma baƙin mai, me kake yi a cikin gida a lokacin aiki? Janareton mutane na can suna kuka."

"Ruwa na shigo sha," in ji Kudu.

"Ruwa ko tukunya?" Ya ajiye doyar, ya zauna a bakin tabarma yana haki kaɗan. "Auta, akwai abin taɓawa? Yau yunwa nake ji ta gaske. Kin san kwanaki cikina ya ɗan yi min gardama."

"Ba ka faɗa min ba."

"Me zan faɗa? Kina cikin naki. Ulsa ce, ta ma kusa warkewa. Tambayi likitana ga shi nan."

Kudu yana kallon bokitin famfo.

Ta tashi ta zubo masa dafaffiyar doya da miyar da ta rage ta rana. Ta ajiye kofin ruwa kusa da shi. Ya wanke hannu, ya yi bismillah da ƙarfi, kamar mai son a shaida.

Loma ta farko ya tauna ta ya daɗe. Ta wuce.

"Kin gani? Wancan watan da tuni na ajiye."

Ta biyu ma ta wuce. Ya fara ba su labarin wani direba da ya yi lodin doya har motar ta ɗaga gaba a hawan Kuta, yana dariya yana nuna yadda mutane suka rataya a jikin bamba.

A ta uku labarin ya tsaya.

Ya ɗora hannu a tsakiyar ƙirji. Ya miƙe wuya. Ya ɗauki kofi ya kurɓa, ya jira. Safara'u tana kallon maƙogwaronsa yana hawa yana sauka, a idonta kuma ramin nan ja ne, da abin da ya taso ya tsuke shi. Ta san daidai inda lomar take zaune.

Ya tashi ba gaggawa, ya je bakin makwarara ya durƙusa, ya juya musu baya. Ruwan ya dawo, doyar ta biyo shi. Ya daɗe a durƙushe. Ya wanke baki, ya wanke fuska, ya dawo yana murmushi da jajayen idanu.

"Gaggawa na yi," in ji shi.



Da zai zauna, tabarmar ta ja, kusurwar ambulan ta leƙo da hatimin asibiti. Ya dube ta. Bai taɓa ba. Ya dubi takalman Safara'u a bakin ƙofa, da ƙurar titi a jikinsu.

"Kin fita yau."

"Na fita, Yaya."

"Cikin takaba."

"Eh."

Ya juya ga Kudu. Muryarsa ba ta tashi ba.

"Kudu, ka ce min ka karɓo takardar."



"Ka ce min ulsa ce. Sake faɗa in ji."

Kudu ya sa fuskarsa a cikin tsumman mai.

Zikrullahi ya gyaɗa kai a hankali, sau biyu. Ya jawo takalmansa kusa da ƙafarsa. Safara'u ta ga hannunsa ya shafa aljihu, inda yake ajiye makullin mota.

"Auta," in ji shi. "Tun kina goye ba ki taɓa yi min ƙarya ba. Me ke cikin ambulan?"

Kudu ya ɗago ido yana girgiza mata kai.

Ta tashi. Ta bi ta gabansu ta shiga zaure, ta tura ƙofar ƙarfe, ta ja sakata ta sama da ta ƙasa. Ta danna kwaɗo. Ta ɗaure makullin a bakin zaninta, ƙulli biyu, ta dawo ta durƙusa a gaban wanta har gwiwarta na taɓa tasa.

"Daji ne, Yaya. Likita ta ce akwai sauran dama. Tana jiranka gobe da safe, da sunanka."

Zikrullahi bai dube ta ba.

Katangar gidan yake aunawa da ido.